Shanun Bayan Danga

A Gozaki in ka ce kana neman Hajjo, sai an tambaye ka wacce, domin ba ɗaya ba ce. Amma in ka ce Hajjo mai lallashin shanu, nan take za a nuna maka gidan ƙarshen gari, wanda dangarsa ta jingina da garke. Masu tsaurin ra'ayi ba sa cewa mai lallashi, mai yaudarar shanu suke ce mata. Ita kuwa ko da wanne ka kira ta za ta amsa, ba tare da ta ɗago kai daga abin da take yi ba.

'Yar wata ruga ce a gefen Mahuta, irin Fulanin nan da suka zauna har Fulatancin ya ƙare a bakin kakanni, ya bar wa jikoki kiran shanu da ɗan abin zagi. Gajeruwa ce mai kaurin damtse, tana tafiya kamar kullum a makare take. Aure ne ya kawo ta Gozaki gidan Malam Ɗanasabe, manomin masara da auduga wanda jikinsa ke gona amma zuciyarsa na garke. Ta zo da ƙoren tatsa, ta kuma zo da sana'ar da ta koya wurin kakarta.

Ga yadda sana'ar take. Saniya in ɗanta ya mutu takan ɗauke nono, ta hana kowa taɓa hantsarta. Maraƙi kuma in uwarsa ta mutu, duk saniyar da ya kusanta shuri zai sha. To aikin Hajjo shi ne haɗa waɗannan biyun. Sai ta sa a feɗe mataccen, ta lulluɓa wa marayan fatar, ta barbaɗa masa gishiri. Sannan ta tsaya a wuyan saniyar tana sosa mata bayan kunne, tana yi mata wata 'yar waƙa ƙasa-ƙasa wadda ba wanda ya taɓa jin kalmominta sosai. Saniya ta sunsuna, ta ja da baya, ta sake sunsunawa, ta kai harshe. Da ta lasa an gama. Daga nan sai a riƙa rage fatar kaɗan-kaɗan, ranar da za a cire ta gaba ɗaya saniyar ta riga ta kamu, ko ka zo da sanda ba ka raba ta da ɗan nan. Wani dattijo ya taɓa ce mata ha'inci ha'inci ne ko da dabba aka yi wa. Ta ce ya je ya yi wa maraƙin wannan wa'azin, in ya yarda ya daina tsotso ita ma ta daina.

Abin da ya fi ba mutane haushi shi ne duk wannan taushin na shanu ne kaɗai. Ga ɗan Adam, bakin Hajjo ba zuma ko ɗigo. Ita ce za ta je gidan suna ta ce tuwon bai nuna ba, a gaban wadda ta tuƙa. In ka tambaye ta ko sabon zanenka ya yi kyau, to ka shirya jin amsa. Mijinta ma bai tsira ba. Shekarar da ya sayo wata baƙar saniya a kasuwar Dandume yana ta fankama, ta dube ta sau ɗaya ta ce an cuce shi. Ba a cuce shi ba, saniyar ta zama uwar rabin garken, kuma Hajjo ta amsa kuskurenta da bakin da ta yi shi, ba ta laɓe ba. An san ta da wannan: ba ta sassauta magana, ba ta kuma ƙara mata gishiri.

Da tsufa ya zo, idanun Ɗanasabe ne suka fara tafiya. Wannan bai raba shi da shanu ba, don da kuka yake gane kowace, da hannu kuma yake sanin wadda ta rame. Sai wata kaka, ana tsakiyar tsinkar auduga, ya faɗi a bakin rumbu, ɓarin jikinsa ya shanye. Daga asibitin Funtuwa aka dawo da shi da gargaɗin kada a bari ransa ya ɓaci, domin jininsa ba ya son hayaniya. Ya sa aka jawo gadonsa jikin bangon da ke kusa da danga, inda zai riƙa jin fitar garken da dawowarsa. Kiwon ya koma hannun Isah, ɗan ƙaninsa, magidanci mai haƙuri. Abin da ya rage wa tsohon a duniya ke nan, wannan bangon da abin da ke bayansa.

Da rana tsaka aka kwashe shanun, a bakin rafi, mutane a kan babura da bindigogi. Isah ya dawo da kumburarriyar fuska, ba sanda ba hula. Can bayansa wata tsohuwar saniya mai ɗingishi, Kyalla, tana tafe ita kaɗai, don ko ɓarayin sun ga ba ta cancanci wahalar kora ba. Hajjo na shanya kuɓewa a ƙofar gida ta hango su. Isah ya buɗe baki zai yi salati da ƙarfi, ta kai masa tafin hannu ta toshe bakin, ta ja shi bayan rumbu. Ita ma ba wai ba ta ji ba. Shanun nan ita ta karɓi haihuwar yawancinsu. Amma a lokacin ba su take tunawa ba, Mannir take tunawa, yayan mijinta, wanda da aka kwashe nasa garken ya juya fuska bango, ya daina karɓar ko ruwan koko, bai ga watan gaba ba. Mannir ma da ƙafafunsa da idanunsa. Nan bayan rumbun ta ci alwashin mijinta ba zai bi wannan hanyar ba muddin tana numfashi.

Da la'asar ta yi sanyi Ɗanasabe ya tambaya me ya sa bai ji dawowarsu ba. Ta ce Isah ya kai su gonar maƙwabcinsu Sada ta nesa, za su kwana biyu can su ci karan dawa su zuba masa taki. Ƙaryar farko ke nan da ta yi masa, ta kuma fito sumul har ita kanta ta tsorata. Ya yi guna-guni cewa ba a shawarce shi ba. Amma kwana biyu ba sa zama wata biyu. Ya fara rage cin abinci, yana yawan kasa kunne. Hajjo ta ga ba makawa sai shanu sun dawo.

To ita ta san abin da mutane da yawa ba su sani ba, cewa ba da baki kaɗai ake shawo kan mai rai ba. Hanci na nan, kunne na nan, kuma su ne suka fi saurin yarda. Ta fara da hanci. Kullum da sassafe sai ta ɗauki kwando ta bi turakun maƙwabta tana kwasar ɗanyen kashin shanu, ta ɗauko a ka, ta zube a bayan danga, ta tara busasshe ta kunna masa wuta yadda hayaƙin zai bi ta saman bango. Matar da ta aurar da 'ya'ya, tana yawo da kashin shanu a ka. Aka yi ta kallo, ita ko a jikinta. Sai ta koma kan kunne. Ta bi gidajen masu shanun huɗa ɗaya bayan ɗaya, tun daga kan Sada maƙwabcinsu, ta ce daga yau in za su dawo da shanunsu da yamma, ta bayan gidanta za su bi. Ba roƙo ta je yi ba, sanarwa ta kai. Wanda ya ce hanyar ta yi masa zagaye, sai ta tuna masa maraƙin da ta ceto masa shekarun baya. Da yamma ƙasa ta riƙa amsa kofato, ita kuma tana tsaye cikin fankon garke tana buga turaku, tana kiran sunayen shanun da ba su nan, tana yi wa wannan tsawa tana lallashin waccan. Da safe ta durƙusa gindin Kyalla daf da danga, ta tatsi ɗan abin da ke hantsarta da ƙarfi don ƙarar ta shiga ɗaki. Sauran nonon kuwa da dawa take musanyo shi a ruga.

Sau ɗaya ta kusa kwafsawa. Tsohon ya ce yana jin manya amma ba ya jin maruƙa, ko wani ciwo ya shiga cikinsu ne? Ta manta shanun huɗa ba sa tafe da 'ya'ya. Washegari ta aika ko'ina cewa duk mai marayan maraƙi ya kawo mata ta riƙe masa. A wannan zamanin kuwa marayun maruƙa ba sa wuya, don ɓarayi iyayen suke kora su bar ƙananan a ɗaure. Kafin mako ya zagayo bayan danga ya cika da kuka. Ta shiga ɗaki ta yi masa albishir cewa Baƙar Dandume ta haihu, namiji, mai farin goshi. Ɗanasabe ya yi dariya da rabin bakin da ke motsi, ya ce a ƙaro masa fura.

Gari ya rabu biyu a kanta. Wasu na cewa Allah ya ba kowa mace irin Hajjo, wasu na cewa tsohuwa ta shafa wa idonta toka tana wasa da hankalin mijinta. Duk ba ta tsaya saurare ba. Abin da ta yi shi ne ta mayar da zaure wurin zamanta. Duk mai zuwa dubiya sai ya bi ta gabanta, ta gaya masa in jaje ya kawo ya ajiye shi nan waje tare da takalmansa. Tasalla, aminiyarta tun suna amare, ta taɓa mantawa ta fara cewa Allah ya mayar da alheri. Hajjo ta taka mata ɗan yatsan ƙafa har sai da addu'ar ta koma ta samun lafiya. Tasalla ta yi fushi ta daina zuwa, daga baya ta dawo da kanta ɗauke da kwandon kashin shanu.

Matsalar ta taso daga inda ba ta zata ba. Da tsohon ya ji garkensa na yalwata, sai hannunsa ya buɗe. Ya ce karsana ɗaya ta Bushra ce, jikarsa. Ya ce a ware bijimi a sayar a taimaka wa rufin masallacin unguwa. Sannan ya fara tambaya ko an fitar da zakkar bana. Wannan ne ya kawo Abdussamad daga Funtuwa.

Abdussamad shi ne ɗansu na fari, mai sayar da takin zamani, wanda Hajjo ba ta faɗin sunansa sai dai ta ce na Funtuwa. Ba shashasha ba ne, kuma ba mai taurin zuciya ba. Shi ke ɗaukar nauyin magani, shi ke zuwa duk Juma'a ya yanke wa uban farce. Da farko ya yarda a yi shiru, yana zaton abin na ɗan lokaci ne. Yanzu kuwa ya samu uwar a bayan rumbu ya durƙusa, ya yi magana a hankali. Ya ce Baba na yin alkawari da abin da babu, yana yin wasiyya a kan iska. Ya ce dukiyarsa ce, yana da haƙƙin sanin abin da ya same ta. Abin da ya fi ci masa rai ya bar shi ƙarshe.

"Inna, jarrabawa ce Allah ya aiko mashi. In ya sani ya yi haƙuri, lada gare shi. Kin tsaya tsakaninshi da ladan nan."

Maganar ta shige ta, don ba ta banza ba ce, kuma ita ma ta sha juya ta a ranta tana tafe da kwando a ka. Amma ta ɗaure fuska. Ta ce ta ga irin haƙurin da Mannir ya yi, ita ta dama kokon da ya ƙi sha. Ta ce mutumin da aka karɓe wa ido aka karɓe wa ƙafa bai rasa abin yin haƙuri a kai ba, ba sai an ƙaro masa ba. Karsanar Bushra kuwa da bijimin masallaci, a bar mata, ko da kaji ne za ta tara har su zama saniya.

"Ban hana ka gaskiyarka ba," ta ce. "Ka kai ta Funtuwa ka yi ta faɗi. Nan gidan dai ba ta shiga ɗakin can."

Ya tashi ya tafi, ita kuma ta san taurin kan nan, don irin nata ne.

Juma'ar da ta biyo, bayan an sauko daga masallaci, tana bayan gida tana ba maruƙa ruwan dusa sai ta ji ɗakin ya yi tsit. Ba muryar rediyo, ba tarin tsohon. Ta ajiye ƙwaryar ta taho da sauri, amma ta makara. Abdussamad na durƙushe gaban gado, kansa a ƙasa, ya riga ya faɗa. Ta tsaya bakin ƙofa tana jira ta ga fuskar nan ta juya bango.

Ba ta juya ba. Ɗanasabe ya yunƙura da hannunsa mai lafiya ya ɗan tashi zaune, jijiyar wuyansa ta miƙe.

"Tun da na auro matar nan ba ta taɓa yi mani ƙarya ba, ko ta wasa," ya ce, kalmomin na fita da ƙyar. "Kai ne za ka taso daga Funtuwa ka ƙaryata uwarka a gabana?"

Da mari ya kai mata da ya fi mata sauƙi. Ta yi nasara, ga shi ya yarda da ita fiye da ɗan cikinsa, amma ba ta taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba. Ba ta samu damar tsayawa jin kunyar ba ma, don ta ga hannun ya ɗaga, yatsa ya nufi inda yake jin numfashin ɗan, leɓensa na haɗa kalma. Ta san abin da ke tafe. Baki zai yi masa. Uba a kan gadon da ba lallai ya tashi ba, zai yi wa ɗansa na fari baki saboda ya faɗi gaskiya, kuma ita ce sila. In ta yi shiru ta rasa ɗan, in ta faɗi gaskiya ta rasa uban.

Ta shiga ta kama hannun ta sauke shi a kan bargo.

"Malam, tsaya. Ba laifinshi ba ne. An kwashe shanu a rafi, wannan gaskiya ne, kuma a birni in an ce an kwashe na Gozaki sai su ɗauka na kowa ne. Abin da ya ji ya kawo maka. Ga garke nan bayan danga. Aike shi ya gano da idonshi, ya zo ya faɗa maka."

Tana maganar tana kallon ɗan, ido cikin ido, abin da ba ta saba yi da shi ba. Ba roƙo a kallon, ba barazana. Ta dai ɗauki duk abin da ta gina ta ɗora masa a hannu, in ya so ya sake shi ya fashe. Tsohon ya yi numfashi mai nauyi, ya ce to ya je. Abdussamad ya tashi ya fita.

Ya daɗe. Hajjo ta zauna bakin gado da mafici tana yi wa mijin fifita, tana jin takun ɗan a bayan bango, ya je nan ya tsaya, ya je can ya tsaya. Ta san abin da yake gani: turaku a jere ba ko igiya, tarin toka, maruƙan mutane, da Kyalla tana tuƙa. Ba ta yi addu'ar ya yi ƙarya ba, don ba ta san yadda ake roƙon Allah wannan ba. Ta dai ci gaba da fifita har hannunta ya sage.

Ya dawo ya durƙusa inda ya tashi. Idanunsa sun yi ja.

"To?" in ji tsohon.

Maficin ya tsaya a hannunta.

"Suna nan, Baba."

"Baƙar Dandume fa?"

"Ta yi ƙiba. Ɗan ma ya yi wayo."

Ɗanasabe ya koma ya kwanta a hankali, kamar wanda aka sauke wa buhu daga ka. Ya lalubo kan ɗan ya dafa, ya sa masa albarka, ya ce ya daina ɗaukar maganar kasuwa, ya kuma nemi gafarar uwarsa yanzu-yanzu yana ji. Abdussamad ya juyo ya nema. Hajjo ta ce ta yafe, muryarta ba ta ko girgiza ba. Ba a jima ba tsohon ya yi barci, bakinsa a ɗan buɗe.

A tsakar gida ɗan ya tsaya ya kasa sa takalmi. Bai ɗaga murya ba, kuma ba zargi a cikinta, gajiya ce kawai.

"Inna, yanzu mu biyu ne za mu amsa wannan gaban Allah."

Ta dube shi. Tausayinsa ya kama ta, don ta san abin da ta sa ya haɗiye, ta kuma san ba zai daina jin ɗacinsa ba. Amma ko za a mayar da ranar baya, abin da ta yi shi za ta sake yi.

"A'a," ta ce. "Ni na aike ka. In an tambaye ka, ka ce a zo wurina."